Malam Tiya da Baiti na Sha Ɗaya

Litinin, 8 ga Satumba 2025

Karima 'yar Ɗayyabu ta zo da hantsi. Shekara ashirin da bakwai ƙafar wani ɗan gidansu ba ta taka zaurena ba, sai yau da buƙata ta kama su. Ta durƙusa, Mushe kaza Mushe kaza, yadda 'yan makaranta ke kiran malami a nan, kamar har yanzu tana ajina. Ta ajiye wani kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, a kan tabarma.

Waƙar ubanta ce. Marsiyya, ƙwar biyu, wato layi biyu-biyu, baiti goma sha tara. Ya yi ta ne ga ɗansa Huzaifa da ya mutu a hanyar Libiya shekara uku da suka wuce. Wai so yake in yi mata tahamisi. Ni.

Tun farkon damina ɓarin jikin Ɗayyabu ya shanye, na ji a gari, ban je ba. Yanzu magana ɗaya-ɗaya yake yi, Karima ke tsinto ta. Na ce duk faɗin Arewa an rasa mai ɗora layi uku a kan biyu sai ni? Ta ce, "Baba yac ce kai ɗai ka rage wanda yas san awo."

Awo. Baki ya karkace amma bai daina ba.

Na ce ta bar kayen. Ban ce zan yi ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Ban buɗe ba. Kaltume matata ta ɗauke shi daga ƙasa ta ɗora kan akwati, wai kada akuya ta ci. Da ta ci da ta hutar da ni.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na shiga kasuwa neman igiya. Wani ɗan tireda, cikin samarin nan masu ɗagaggen wando, ya ce, "Malam Tiya, a matso a duba." Da ladabi ya faɗa, shi ne abin haushin. Ya ɗauka sunan yanka ne. Ranar da aka laƙa mini shi ko haihuwarsa ba a yi ba.

Bari in rubuta, ko don wanda zai tsinci littafin nan bayan raina. Is'haƙa ubana ya raɗa mini. Tiya kuwa, kwanon awo, aikin Ɗayyabu ne, ranar kasuwar Kore Mairuwa, shekarar 1998, muna koyarwa a lakwal guda, makarantar boko. Ya hau kan buhunan gero wajen masu awo ya rera:

Malam Tiya mai awon magana,
Tuwo ya huce yana ƙirga loma.

Layi biyu ke nan. Amsa-amo bai haɗu ba, karin waƙa a karye. Amma kafin la'asar 'yan awo sun ɗauka, kafin sati mata suna daka da ita. Ni na rubuta waƙa sittin da huɗu, ta wa'azi, ta bege, ta ilmi, ta tarihin ƙasa, babu wadda gaɓa ɗaya ta zame a ciki. Suna nan cikin akwati, gara ce kaɗai ke karanta su. Zambo ɗaya gurgu ya fi su tsawon rai. Har Kaltume, ranar da ta yi fushi, na taɓa jin ya kusa fitowa daga bakinta ta haɗiye.

Shi ne yau za a ce in yi masa ado.

Asabar, 13 ga Satumba

Na buɗe. Don in ga ɓarnar kawai.

Da sunan Ta'ala nake fara kuka,
Na ɗana da yat tafi bai waiwayo ba.

Karin Mutaƙarabi ne, kuma ya zauna daram. Na ƙirga da yatsa sau biyu don ban yarda ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yabon 'yan takara a rediyo, wannan giwa, wancan zaki, wancan hadarin gabas, kambamawa ba kai ba gindi. Yau babu giwa ko ɗaya. A baiti na shida ya ce hamada ta haɗiye, ta share baki, ta yi shiru kamar ba ita ba. Mutuntarwa ke nan, wadda na shekara talatin ina rubutawa a allo yara suna hamma. Ban taɓa samun misalin da ya kai wannan ba. Ba zan faɗa wa kowa ba.

Malam Nafi'u, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mana waƙa mu biyu a zaurensa na Kiyeshe. Yakan ce mai tahamisi baƙo ne a gidan wani. Ka sa layinka uku a gaba, su bi amon layinsa na farko, su share wa nasa biyu hanya. Ba ka taɓa masa ko wasali ɗaya. Kuma maganar ƙarshe tasa ce. Yakan ce waƙar da ba wanda ya yi wa tahamisi marainiya ce, tare da mai ita ake rufe ta.

To. Sau goma sha tara zan buɗe baki, sau goma sha tara Ɗayyabu ya rufe mini shi. Ya san abin da ya roƙa.

Talata, 16 ga Satumba

Alhamdu lillahi, na kama shi. Baiti na sha ɗaya:

Uwakka ta ajje tuwonka a kwano,
Huzaifa, har yau ba kai sallama ba.

Layi na biyu ya gaza. Gajerar gaɓa ɗaya ta ɓace bayan sunan yaron, sha ɗaya maimakon sha biyu. Ɗan "fa" kawai za a jefa ta miƙe, amma ina, sai mai kunne. Na san ba zai iya kai waƙa gida lafiya ba. Hali zanen dutse.

Na zagaye wurin da jan bik, biron gyara na malamai. Na daɗe ban ji daɗin shayi kamar na yau ba.

Shi dai da tuwon da ke hucewa. Ko a makoki ba shi da wani hoto.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na nuna wa Kaltume jan zagayen. Tana tsince wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, mutum na kwance, ɗansa na cikin rairai, kai kana murnar gaɓa." Na ce ba murna ba ce, aiki ne. Ta ce, "To wa yaf fara?"

Na tashi na bar mata wurin.

Wa ya fara. Tunda ba mai karantawa sai ni, bari in faɗa. Sati ɗaya kafin ranar kasuwar nan, an yi taron malamai, babban mai duba makarantu ya zo daga Doso. Ɗayyabu ya rera waƙar maraba, aka yi ta tafi. Ni kuma na miƙe da takarda a hannu na lissafa karaya ashirin da uku, layi-layi, ina bugun tebur da yatsa don a ji inda ta ɗingisa. Aka yi dariya, har baƙon. Ɗayyabu yana tsaye da takardarsa, bai san inda zai sa ta ba. Watansa biyu da aure a lokacin, kuma wan matarsa na cikin malaman.

Gaskiya na faɗa. Ashirin da uku ne, har gobe. Ban ƙara ko ɗaya ba.

Da dai tafin da aka yi masa bai yi yawa haka ba, da wataƙila na jira mun fita waje.

Kaltume ta kawo mini abinci ta ce baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Na ce ta ajiye karin maganarta, ni na koyar da shi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na je. Ba dubiya na je ba, gyara na kai. Ƙa'ida ta hana in taɓa layinsa, to shi ya taɓa da kansa, ya yarda a gaban 'yarsa cewa ya karye. Na sa jan bik a aljihu.

Yana kwance a rumfa. Ɗayyabun da muryarsa ke cika kasuwa ya koma kamar tsumma a kan gado. Ido ɗaya na zubar da ruwa shi kaɗai. Sahura matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Is'haƙa." Ita kaɗai ce a garin nan ba ta taɓa kuskure sunana ba.

Na ce ya jiki. Ya motsa baki. Karima ta sunkuya ta saurara, ta ce, "Wai ka tsufa." Na ce a gaya masa shi ma bai yi kyau ba. Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ja.

Na buɗe kayen na nuna jan zagayen. Na ce baiti na sha ɗaya ya gaza gaɓa, a ba ni izini ko a ba ni kalma. Ya dube ni. Karima ta ce, "Mushe, tsaya ka ji ta da bakinai. Na ɗauke shi bara, tun shina lahiya." Ta ciro salula.

Muryar nan dai, ta tsufa amma ita ce. Ba kiɗa, ba 'yan amshi. Ina bin ta da yatsa a gwiwa, baiti goma ba tuntuɓe. Ya zo na sha ɗaya, ya ce Huzaifa, sai numfashi ya sarƙe masa. Ba kuka ba ne, wani ɗan ja ne a maƙogwaro, gajere. Sannan ya ce har yau. Yatsana ya sauka a kan jan numfashin nan daidai, bai jira ba, bai yi sauri ba. Tsawon gaɓar ke nan.

Karima ta ce sau nawa ya rera ta, nan yake sarƙewa, shi ya sa da ya zo rubutawa ya bar wurin. Sahura ta tashi ta shiga ɗaki. Na hango kwano a rufe da faifai a bakin randa, ban tambaya ba.

Na yi sallama na fito. Bik ɗin ya tsiyaye mini a aljihu, ya ɓata riga.

Juma'a, 26 ga Satumba

Numfashi ba gaɓa ba ne. Takarda ba ta numfashi. Wanda zai karanta bayan shekara hamsin karaya zai gani, kuma yana da gaskiya.

Talata, 30 ga Satumba

Na fara, tunda zaman banza ya ishe ni. Na gama goma.

Aikin ya fi yadda nake tuna shi wuya. Ka san inda mutum zai sauka, kai ne za ka gina masa matakala uku, kuma kada a ga gininka ya fi ɗakinsa. Sau biyu na yi kamance mai kyau, irin wanda da a waƙata ne da na yi kwana uku ina alfahari. Na soke, don ya danne nasa. Ban taɓa soke layi mai kyau saboda wani ba. Ciwo gare shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, tilas in shiga cikin kansa in zauna. In ya ce ya je tasha, sai na san abin da ya kai shi. Jiya na tsinci kaina a tashar motocin Agadas ina kallon masu sauka. Wani ya ce Malam Tiya ana jiran baƙo ne, na ce a'a.

Na koyar da Huzaifa shekara biyu. Dogo, mai wushirya. Wata rana a darasin lissafi na ce tiya uku da rabi, wani ya yi tari, aji ya fashe. Su arba'in suka yi dariya, shi kaɗai na kora waje, ya yini a rana. Bai kai ƙara gida ba. Da ya kai, da uban ya yi mini wani zambon.

Abokan tafiyar Huzaifa sun ce mota ce ta mutu, ruwa ya ƙare. Sun tona da hannu sun rufe shi. Ko su ba za su iya nuna wurin ba.

Na tsallake na sha ɗaya.

Asabar, 4 ga Oktoba

Karima ta zo. Uban ya daina cin abinci, sai kunu cokali biyu. A likita sun ce a mai da shi gida a yi ta addu'a. Ta ce, "Mushe, in da hali." Ba ta ƙarasa ba.

Sha takwas sun kammala. Na sha ɗayan ma na yi masa uku tun shekaranjiya, lafiyayyu, sha biyu sha biyu, ko Malam Nafi'u ba zai sami inda zai sa farce ba. Na rera su tare da nasa. Layi huɗu suna tafe daidai kamar sojoji, na biyar ya zo yana ɗingishi. A waƙarsa ita kaɗai ba kowa zai lura ba. A cikin tawa, ko kurma sai ya ji.

Ga ta nan, ramuwar da na jira shekara ashirin da bakwai. Ban taɓa masa wasali ba, ban karya ƙa'ida ba, ba wanda zai ce na yi zambo ko habaici. Na tsaya daidai kawai a gefensa, a ga gurgu. Kuma shi ya aiko a kira ni.

Na yi zaton zan fi haka jin daɗi.

Kaltume ta ce tuwona ya huce. Na dube ta, ashe ba da wata manufa ta faɗa ba.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na kai. Bayan la'asar, a rumfar nan. Sahura, Karima, da ɗan wansa Abdulwahid, wanda tun a ƙofa ya ce mini shi dai bai ga amfanin yi wa mamaci waƙa ba, addu'a ta isa. Na ce ya yi addu'ar, ni in yi waƙar, kowa da abin da ya iya. Ya zauna daga nesa.

Ban da murya, ban taɓa da ita ba. Na rera dai.

Tun baiti na farko na ga hannunsa na hagu, mai ran, yana motsi a kan katakon gado. Yatsa ɗaya. Gajere, dogo, dogo. Gajere, dogo, dogo. Irin bugun da Malam Nafi'u ke yi mana da carbi. Bai kuskure ko sau ɗaya ba, a nasa da nawa. A baiti na bakwai na yi tuntuɓen harshe, yatsan ya tsaya ya jira ni.

Ashe ya iya. Tun can ya iya. Shekara ashirin da bakwai ina gaya wa duniya ba shi da kunne, ashe bai damu ba ne kawai. Wannan ta fi zambon ciwo.

Muka zo na sha ɗaya. Ba ukun da na rubuta ran Alhamis na karanta ba. Wasu ne, na yi su da safen nan:

A tasha muke tambaya ko mu gano,
Huzaifa, rairai ina za mu tono?
Tuna wadda tab ba ka goyo da nono,
Uwakka ta ajje tuwonka a kwano,
Huzaifa, har yau ba kai sallama ba.

A layi na biyu, nawa, bayan sunan yaron, yatsan ya sauka bai tarar da komai ba. Ya tsaya a sama. Ɗayyabu ya juyo da idonsa mai kyau ya kafe ni da shi. Ni na ci gaba da karatu, ban ga dalilin tsayawa ba. Da na kai nasa wurin kuma ni ma numfashi ya sarƙe mini, ƙila kunun da aka ba ni ne.

Da na gama ya motsa baki. Karima ta sunkuya, ta ɗago tana jin nauyin faɗa. Na ce ta faɗa. Ta ce, "Wai ka karya."

Na ce a gaya masa ɗaya ce tak, shi ashirin da uku gare shi. Kafaɗarsa ta riƙa girgiza. Sahura ta tsorata, ashe dariya yake.

Abdulwahid ya raka ni har bakin titi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ya rasu da safe. An rufe shi kafin azahar. Na samu sahu na biyu.

Mutane da yawa, har 'yan siyasar da ya mai da giwaye, biyu sun zo. A hanyar dawowa na ji wani yana cewa mamacin nan ne ya yi Malam Tiya. Waƙoƙinsa na rediyo sun fi ɗari, abin da aka tuna ke nan. Ni da shi abu ɗaya garin nan ya riƙe mana.

Ban yafe ba tukuna. Ban dai san wanda zan ƙi gaisarwa ba yanzu in na bi ta unguwarsu.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Gero ya shigo, gari duk ƙaiƙayi.

Karima ta zo da safe. Tana kwafe tahamisin da kyau, za ta kai wa masu shirin waƙoƙi na rediyo, ta aika wa dangi a Sukukutane. Ta ce abu biyu ke damunta. Na ɗaya, layina na baiti na sha ɗaya, ta ƙirga ta ga ya gaza, kuma ta san ni, kada mutane su ce tsufa ya kama Mushe. Na biyu, baitin rufewa, inda mai tahamisi ke faɗin sunansa kamar yadda aka saba. Ta karanto:

Tiya ne ya ƙaro ukun nan a kansa.

Ta ce, "In maishe shi Is'haƙa?"

Na ce ashe ban koya mata komai ba. Ba a taɓa wa mai waƙa ko wasali ɗaya. Ta kwafa yadda ta gani. Is'haƙa ma ba ya shiga karin, na gwada, shi ke nan dalili.

Ta rufe kayen, ta ce Inna na gaishe ni.

Da yamma na ratsa kasuwa. Ɗan tiredan nan ya hango ni ya ce, "Malam Tiya, an samu igiyar." Na ce na'am tun kafin in yi tunani. Na saya, ko da yake ina da wata a gida.